Jan Zare a Ƙyallen Mutawakil

Salamu alaikum mutanen wannan shafi. Wadda yau ce shigowarta ta farko, ga inda muke. Sunana Rauda, gidanmu yana Kasalgu a Tamale. Ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti, ranar Asabar kuma ni da ƙawayena mukan bi tashoshin yalo-yalo, wato keke-napep, da majalisun shayi muna yi wa samari wa'azin barin taba, har su gaji su tashi su bar mana bencin. Wanda nake so sunansa Mutawakil, Dagomba ne, telan fugu a Dungu, rigar saƙin nan mai faɗi da mazan nan ke ado da ita. An tsayar cewa ranar Juma'a bayan masallaci mutanensa za su kawo goron neman aurena. Haka maganar take har safiyar Talata, lokacin da Kawu Fatawu, ƙanin Mma, ya faka motonsa, wato babur, a ƙofar gidanmu.

Ina tsugune bakin famfo ina goge farin takalmin aiki. Mma tana dama koko. Baba yana kan kujerarsa ta roba a gindin darbejiya, dawowarsa ke nan daga duba filinsa na Gumani, inda yake zuwa kan keke kowace safiya, yana tauna kanumfarin da ya ce yana yi masa maganin haƙori.

Kawu ya gaisa a gurguje, ya ƙi karɓar koko. Daga nan na san akwai magana, don Kawu bai taɓa ƙin abinci a gidanmu ba.

"Alhaji, aikin da ka sa ni na gama," in ji shi. "Yaro yana salla, ba ya rigima, maƙwabta suna yabonsa. Amma jiya da idona na gan shi a bayan shagonsa da sigari a baki. Fari, kansa ja, hayaƙi yana fita."

Baba ya daina tauna.

Sai na faɗa muku wani abu game da Baba. Shekara talatin ya yi yana tuƙa babbar mota tsakanin nan da Tema, kuma shekara talatin ɗin nan da taba a yatsunsa ya yi su. Ina ajin ƙarshe a sakandare tari ya kwantar da shi sati uku a asibiti. Ranar da aka sallame shi ya tara mu ya ce ya bari har abada, kuma babu 'yarsa da za ta auri mashayin taba. Shekara bakwai ke nan. Saboda kwanciyar nan tasa na karanta jinya, saboda ita nake yawo da lasifika ranar Asabar. Da Mutawakil ya fara zuwa gaisuwa wata biyar da suka wuce, tambaya ɗaya tak Baba ya yi masa. Ya amsa: "Na sha shekara tara, Baba. Na bari wata uku ke nan."

Gaskiya ya faɗa, amma ba duka ba, kuma laifina ne. Da sigarin batir ya bari, wanda samari ke kira vep, ƙaramin nan da aka ƙera shi sak sigari, har da jan haske a kai in an zuƙa. Ya so ya faɗa wa Baba a ranar. Ni na hana shi. Na ce tsofaffi ba za su gane ba.

Na miƙe da takalmi ɗaya a hannu. "Kawu, ba taba ba ce. Na batir ne. Babu ganye a ciki, babu wuta, tururi ne yake fitarwa."

"Na batir," in ji Kawu, ya juya wajen Mma. "Yaya, kin ji 'yar sukuu, boko ya yi yawa. To ni ma motona akwai batir a ciki, sai in ce ba moto ba ne?"

"Kawu, abin da ke kona huhu…"

"Kin sani," in ji Baba. Ba tambaya ya yi ba.

Na sunkuyar da kai. "Na sani, Baba."

Ya daɗe yana kallon tayar kekensa. Mma ta ci gaba da dama kokon da ya riga ya damu.

"Ki gaya masa ya zo jibi bayan la'asar, shi kaɗai, ya taho da abin. In na gani ban gamsu ba, su riƙe goronsu ranar Juma'a."

Masu karatu, ban yi kuka ba, fushi na yi. Kuma ba da Kawu ba, da Mutawakil. Wata huɗu ina yi masa magana ɗaya: ka bar wannan ƙaramin, ka koma babban vep. Dalilaina a jere suke kamar allura a tire. Ƙaramin batirinsa ba ya kai azahar. Ruwan da ke ciki a rufe yake zuwa, ƙarfin da aka sa shi za ka sha, ba ka da ta cewa. Babban kuwa yana wuni da caji, kai kake zuba ruwan, za ka iya sayen mai ƙarfi yau, bayan wata ka sauka zuwa mai sauƙi, har ka kai wanda babu nikotin a ciki. Kada wata ta ce Rauda ta ce abin lafiya ne. Ba na ba wanda bai taɓa shan taba ba ko da wasa, kuma na kori 'yan sakandare da shi a tasha ba sau ɗaya ba. Amma ga mutumin da ke fitowa daga shekara tara, gani nake tsani mai matakai ya fi tsalle. Har jadawali na zana masa da jan biro da shuɗi. Duk lokacin da na kawo maganar sai ya yi murmushi ya ce sannu-sannu. Kalmar nan ita ta gama da mu a garin nan. Kwata ta toshe, sannu-sannu. Tari ya kai wata uku, sannu-sannu. Sai an kawo mana mutum a bayan moto ba ya iya numfashi sannan kowa ya san gaggawa.

A wajen aiki na kira Mutawakil na isar masa da saƙon Baba, sannan na tura wa ƙawata Suhuyini saƙo, don na tuna yayanta ya bar nasa a gida da ya koma Accra.

"Babban vep ɗin yayanki yana nan?"

"Yana cikin durowa. Ke kuma? Shugabar masu lasifika? 😂"

"Ba ni ba. Aurena ke lilo. Ki kawo gobe."

"Ruwan mangwaro ne a ciki fa. Ƙamshi kamar shagon alewa."

"Ko na kuka ne ki kawo."

Laraba da rana na tashi aiki na hau yalo-yalo zuwa Dungu, ko kayan aiki ban cire ba, sai mayafi ruwan toka da na yafa a kai. Abin yana jakata, baƙi, mai nauyi kamar fawa-bank, da kwalbar gilashi a sama da ɗan allo mai nuna lambobi. Shirina mai sauƙi ne. Gobe ya kai wa Baba wannan. Bai yi kama da sigari ba ko kaɗan, ya fi kama da kayan asibiti. Ni kuma in yi bayanin matakai, Kawu ya ji kunya.

Shagon Mutawakil ɗaki ɗaya ne mai shuɗiyar ƙofa. Riguna a rataye jere a kan igiya, masu layin fari da baƙi, masu shuɗi da fari, ɗaya ja da ruwan ƙasa ta wani ango. Yana zaune a tabarma ya miƙe ƙafa, ƙyallayen saƙi masu faɗin yatsa huɗu a cinyarsa, yana haɗa su da hannu. Ba ya yarda keken ɗinki ya taɓa tattarar ƙugu, inda riga ke buɗewa in mutum ya juya. Da allura yake bin ta ninki bayan ninki. Na tsaya a ƙofa ina kallon yatsunsa, fushina ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, abin da ya ƙara ba ni haushi.

"Madam Nas," ya ce bai ɗago ba, ya ɗora da gaisuwarsu ta rana. "Antire. Ka zo da allura ne ko da faɗa?"

Hausarsa ta Dagomba ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinsa. Na daina gyara masa tuntuni.

"Naa," na amsa gaisuwar. "Da duka biyu."

Na ajiye masa abin a tabarma. Ya ɗauka ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Wannan ai injin niƙa ne."

"Gwada."

Ya kalle ni, ya ga ba wasa a fuskata, ya danna ya zuƙa. Jama'a, gajimare ya fito daga bakinsa. Fari, mai kauri, ya cika ɗakin har na daina ganin agogon bango, ga ƙamshin mangwaro kamar an fasa buhu guda. Kafin in ce wani abu ya yi wuf ya miƙe, ya kwashe rigunan da ke igiya gaba ɗaya a ƙirjinsa ya fita da su waje. Ya shanya su ɗaya-ɗaya a kan katanga, yana buɗe tattarar kowace yana kaɗa ta a iska. Ta angon ya fi daɗewa a kai, yana kai hanci yana shaƙa.

Da ya dawo ya zauna, ya tura abin gabana da yatsa ɗaya.

"Yana da daɗi," ya ce.

"To ka gani."

"Shi ya sa ba na so."

"Muta, kada ka fara."

"Ka tsaya ka ji, Madam." Ya zaro ƙaramin daga aljihu, duk fentinsa ya koɗe a wajen baki. "Wannan ba shi da daɗi. Ɗanɗanonsa kamar ƙarfe. Batir yana mutuwa, in ya mutu dole in haƙura har ya cika. In zan sha sai na zaga bayan shago kamar ɓarawo, don duk wanda ya gani zai ce sigari ne. Kullum yana ba ni kunya. Abin da ke ba ni kunya zan iya rabuwa da shi. Wannan naka kuwa, in na saba da shi, zan zauna da shi a ƙofar shago ina nuna wa mutane gajimare. Shekara tara zai zama goma sha tara."

"Mutuwar batirin nan ita ta mayar da kai ga taba sau biyu. Ko ka manta?"

"Ban manta ba. Yana rubuce."

Ya miƙa hannu ƙarƙashin matashin da yake jingina ya jawo wani ƙyalle a naɗe. Farin saƙi ne, irin ragowar da ke saura in an gama riga. Ya warware shi a tabarma, ya kusa kai tsayinsa. Ban taɓa ganinsa ba. An raba shi gida-gida da baƙin zare, kowane gida faɗin ƙwayar masara, cikin gidajen kuma ɗinki ne ƙanana da jan zare.

"Baƙi rana ne. Ja kuma duk lokacin da na zaga baya. Kafin in sha sai na zare allura na ɗinka, wani lokaci kafin in gama sa zare a allura sha'awar ya wuce."

Na durƙusa na bi shi da yatsa daga farko. Watan farko ja ne cunkus, farin ba ya ko leƙowa. Ina tafiya jan yana sirancewa. Takwas a rana, shida, biyar. Wajen ƙarshe biyu, biyu, ɗaya, biyu, har da kwana uku a jere da babu komai sai fari. Ni da na zana jadawali da biro kala biyu ina jiran ya fara, ashe mutumin ya yi wata takwas yana sauka a tsaninsa, bai ce mini uffan ba.

Wuri biyu yatsana ya ci karo da ƙulli mai kauri. Na farko can baya, a sati na uku. Na biyu kusa, bai wuce wata biyu ba.

"Taba na gaske," ya ce. "Wannan ranar aka ɗauke wuta tun safe, ga rigar makoki da ake jira."

Na lissafa a zuci. Ƙulli na biyu ya zo ne bayan ya gaya wa Baba ya bari.

"Wannan ƙyallen ba zai je gidanmu ba," na ce. "Ko ka kwance ƙullin nan. Minti ɗaya ne a wajenka."

"Minti ɗaya ne."

"To kwance."

Ya fara naɗe ƙyallen a hankali. "Ka hana ni faɗin gaskiya sau ɗaya, na bi ka, ga inda ya kai mu. Gobe ka bar ni in yi irin nawa."

"In Baba ya ce a riƙe goro fa?"

"Sai in ci gaba da ɗinki har ya yarda a kawo."

Na ce masa abubuwa da yawa da ba zan rubuta a nan ba. Na ce taurin kai ne, na ce ni kaɗai ke son auren nan. Na bar masa babban a tabarma na fita ban yi sallama ba. Ina cikin yalo-yalo saƙonsa ya shigo: "Ka manta injin niƙa. Zan kawo shi gobe. Ka ci abinci."

Alhamis bayan la'asar Mma ta sa na share tsakar gida sau biyu. Na sa atamfata mai ganyen kore, na tsaya bayan labulen ɗakin Mma inda nake ganin komai ta gefe. Baba ya fito cikin wata sabuwar fugu mai layin shuɗi da fari da ban san yana da ita ba. Kawu Fatawu yana gefensa a benci, ya harɗe ƙafa kamar alƙali.

Mutawakil ya cire takalmi tun daga bakin zaure. Ya tsuguna nesa da tabarma ya gaida Baba, ya gaida Kawu, ya juya wajen madafa ya gaida Mma. Da aka ce ya matso, ya ajiye abu uku a gaban Baba: ƙaramin, babban, da ƙyallen a naɗe.

Kawu ya yi caraf ya ɗauki ƙaramin. "Shi ne. Alhaji, ka ce wannan ba sigari ba ne?"

Baba ya karɓa, ya riƙe shi tsakanin yatsa biyu. Yadda ya zauna a hannunsa daidai ya sa na kawar da kai. Ya shinshina, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ajiye.

"Wannan tulun fa?"

"Ni na kai masa, Baba," na ce daga bayan labule.

"Ban kira ki ba tukuna." Ya kalli Mutawakil. "Ta ce ka koma wannan?"

"Ta ce. Kuma dalilinta mai kyau ne, Baba, ta fi ni sani. Ga wanda ƙaramin ba ya riƙe shi, babban zai fi. Ni dai na san halina. Na kusa ƙofa, ba na so a gyara mini ɗakin."

Ya warware ƙyallen, ya yi bayanin baƙi da ja kamar yadda ya yi mini. Baba ya sa tabarau. Ya bi shi da babban yatsa tun daga farko, bai yi sauri ba, har ya tsaya a ƙulli na biyu.

"Wannan yaushe ne?"

"Wata biyu, Baba. Kara ɗaya da rabi."

"Bayan ka zauna a nan ka ce mini ka bari."

"Bayan nan ne."

Kawu ya tafa hannu sau ɗaya. "To, magana ta ƙare."

Na riƙe labulen har na ji zoben ƙarfen yana shirin fita daga sanda. Mma ta ajiye muciya.

Baba bai kalli Kawu ba. Ya kama gefen rigar da ke jikinsa ya ɗaga.

"Ka san wannan?"

"Ɗinkina ne, Baba. Kawu ya zo ya sa a yi wata guda da ya wuce, ya ce na wani abokinsa ne."

"Ni na aike shi. Hayaƙi ba ya ɓuya a saƙi, cikin tattara yake kwana. Da aka kawo na buɗe ninki-ninki na shaƙa, ban ji komai ba sai sabon zare." Ya saki gefen rigar. Sai muryarsa ta sauka. "Da me ka yi awo?"

"Kawu ya kawo tsohon riga."

"Ka gane ta?"

"Na gane. Shi Baba ya sa ranar da na fara zuwa gaisuwa."

"Ka buɗe tattararta?"

Mutawakil ya kalli tabarma. "Dole in buɗe in ƙirga ninki."

"Me ka ji?"

Ya ƙara sunkuyar da kai. Kaza ta ratsa tsakar gida, ba wanda ya kore ta. Kawu yana kallon wannan yana kallon wancan, ni ma ban gane inda maganar ta dosa ba.

"Wata guda kana da wannan a hannu," in ji Baba. "Shekaranjiya aka ce maka zan hana ka 'yata saboda taba. Ko ita ba ka gaya wa ba?"

"Awo aka kawo mini, Baba. Awo na ɗauka."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Gumani kowace safiya, filin da ko bulo ɗaya ba a ɗora a kai ba. Kanumfari shekara bakwai saboda haƙorin da bai taɓa yarda in duba ba. Na juya na kalli Mma. Ba ta ko yi mamaki ba. Ta matso kusa da labule ta ce a hankali, "Wa kike tsammani yake shanya rigunansa a bayan ɗaki kwana biyu kafin su shiga akwati?"

Ni Rauda, mai lasifika, mai jin warin taba a jikin direba daga tsallaken titi. Na bi tasha goma sha ɗaya a garin nan ina faɗa wa mutane su daina rufe ido, ban taɓa kai hancina ga rigar ubana ba.

"Rauda, fito," in ji Baba.

Na fito na durƙusa kusa da Mma. Ya cire tabarau, idonsa yana kan ƙyallen.

"Wata shida na yi ban sha ba da na fito asibiti. Daga nan na koma. Huɗu a rana, wani lokaci biyar. Na hana ku auren mashayi don na san abin da uwarku ta gani." Ya juya wajen Kawu, wanda bakinsa ke buɗe. "Fatawu, rufe, ƙuda zai shiga. Gobe ka zo da wuri, kai za ka karɓi goro."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Mutawakil ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa tabarma.

"Ban gama ba," in ji Baba. "Goro gobe. Ranar aure kuma sai na ga taƙin hannu ɗaya na ƙyallen nan fari fat, babu ja ko ɗaya." Ya tura babban vep ɗin gabana da bayan hannu. "Ke kuma, wannan tulun naki. Ki kai ni wajen likitanku, ya faɗa mini ko irina yake yi wa amfani, ko akwai abin da ya fi shi. Abin da ya ce shi zan yi. Ba a tasha za ki yi mini wa'azi ba."

"To, Baba."

"Mutawakil, akwai sauran irin wannan ƙyallen?"

Mutawakil ya zaro ɗan almakashi daga aljihu, ya yanko daga ƙarshen nasa, wajen da bai kai da ɗinki ba tukuna. Ya ciro allura daga gefen hularsa, ya sa mata jan zare, ya miƙa da hannu biyu. Baba ya mayar da tabarau. Hannun da ya yi shekara talatin a sitiyari bai san allura ba, ya soki yatsa sau biyu, Mma ta miƙa hannu za ta karɓa ya hana ta. Muna zaune muna kallo ya yi ɗinki huɗu, karkatattu, kowanne ya nufi gabansa.

"Na yau ke nan," ya ce.

Da Mutawakil ya tashi tafiya na raka shi zaure, karo na farko da aka bar ni. Na ce masa ya yafe mini maganganun jiya. Ya ce wanne daga ciki, don suna da yawa. Na karɓi ƙyallen na buɗe hannuna a kai daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya, na ƙirga gidajen da za su shiga.

"Wata ɗaya ne kawai," na ce. "Za ka iya?"

Kafin ya amsa muryar Baba ta taso daga gindin darbejiya.

"Wa ya ce da hannunki za a auna?"

Muka leƙa. Ya ɗaga hannunsa na dama ya ware yatsun, hannun direban babbar mota, faɗinsa kamar faranti. Mutawakil ya daɗe yana kallonsa, yana lissafi irin na tela. Sannan ya zaro ƙaramin sigarin batir ɗin daga aljihu, ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai.

"Kwana arba'in da biyar," ya ce. "Ka riƙe wannan, Madam Nas. Gara in fara yau."